Houx: itacen Kirsimetin Faransa da ba ya ƴaƴa sai da namiji a kusa

Da zarar watan Disamba ya kama, shagunan furanni a Faransa da Beljiyam kan cika da rassan wani itace mai koren ganye, bakinsa duk ƙaya, da ƴaƴa jajaye kamar murjani. Faransawa na kiran sa houx, masana tsirrai kuma Ilex aquifolium. Da shi ake ƙawata ƙofa da tebur a bikin Kirsimeti. A dajin Faransa ba ko'ina ake yankar sa yadda aka ga dama ba: wata doka ta 13 ga Oktoba 1989 ta bai wa prefe na kowace jiha ikon taƙaita yankansa. Mai son rassa babu fargaba sai ya dasa nasa a gida.

A nan ne mutane da yawa ke tafka asara. Houx kamar dabino yake, akwai namiji akwai mace, kuma macen kaɗai ke ƴaƴa. Bambancin shi ne manomin dabino a Bilma yakan hau da kansa ya yi barbara, shi kuwa houx ƙudan zuma ne ke yi masa wannan aiki idan ya fitar da ƙananan fararen furanninsa a Mayu da Yuni. Wanda ya dasa mace ita kaɗai, babu namiji a unguwa, zai yi shekaru yana ban ruwa bai ga ko ɗa ɗaya ba. Sunayen irin ma na yaudara: wanda ake kira Golden King, wato sarki, mace ne, Silver Queen kuma, sarauniya, namiji ne. Mai ƙaramin fili gara ya nemi J.C. van Tol, wanda ke ƴaƴa shi kaɗai.

Lokacin dashe kaka ne, Oktoba zuwa Nuwamba, kafin ƙasa ta daskare. Ana haƙa rami da ya ninka faɗin tukunyar, a gauraya ƙasar da ruɓaɓɓen ganye, a ajiye dashen daidai zurfin da yake a tukunya, a shayar da shi sosai, sannan a rufe gindin da busasshen ganye. Yana son inuwa-inuwa da ƙasar da ruwa ba ya kwanciya. A zaɓi wurin da kyau tun farko, domin ba ya son a tumɓuke shi a sake masa mazauni. Girmansa a hankali yake, kuma a shekaru biyun farko ban ruwa lokacin zafi wajibi ne. Zafin Sahel kuwa ya fi ƙarfinsa.

Gidan da ke da yara a kula. Tsuntsaye na cin ƴaƴan lafiya lau a tsakiyar hunturu, amma ga ɗan Adam guba ne, suna jawo amai da zawo.