Mai Niyyar Zama A Gana Ya Fara Shiri Tun Daga Gida

Kusan kowane mako, in tirelolin shanu suka sauka a kasuwar Tulaku da ke Ashaiman, sai mun ga sababbin fuskoki sun diro daga saman mota. Yawancinsu samari ne daga Tawa, ko Maraɗi, ko Sakkwato, ko Dori, waɗanda suka rako dabbobin wani alhaji, amma a ransu ba su da niyyar komawa. In ka tambayi ɗaya daga cikinsu wurin wa zai sauka, sai ya ce maka Allah na nan. To, Allah na nan kam, ba mu musa ba. Amma mu da muka daɗe a ƙasar nan muna zuwa belin mutane, muna haɗa kuɗin mota ga waɗanda jari ya karye musu, mun ga ya zama wajibi mu yi wannan bayani domin 'yan'uwa su karanta wa 'ya'yansu da yaransu tun kafin su ɗaura kaya.

Zuwa fatauci daban, zuwa zama daban. Bafatake ya kawo shanunsa ya sayar, ya karɓi kuɗinsa ya juya, kwana goma ko ashirin ya gama. Mai zama kuwa sai ya nemi ɗaki, ya nemi takarda, ya yi ciwo ya warke a nan, wata rana ma ya ɗauko iyali. Da shi muke magana yau.

Maganar takardu

Mu fara da abin da mutanenmu suka fi rainawa. A shekarar 1979 shugabannin ƙasashen ECOWAS, wadda mutanen Nijar da Barkina suka sani da CEDEAO, suka sa hannu a Dakar a kan yarjejeniyar da ta ba ɗan kowace ƙasa a cikinsu damar shiga wata ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90. Mutanenmu da yawa iyakar abin da suka ji ke nan, watau babu biza, sai suka ɗauka babu komai. Ba haka ba ne. Kwana 90 na baƙo ne. Wanda zai zarce haka dole ya je ofishin shige da fice ya nemi izinin zama. Kuma lissafin kwanakin daga hatimin da aka buga maka a bakin iyaka ake fara shi, saboda haka wanda ya kewaye ta daji don gudun ɓata lokaci a Paga ko Aflawo, kansa ya cuta, domin ran da aka tambaye shi yaushe ya shigo ba shi da abin nunawa.

Har ila yau akwai sabon al'amari. Nijar da Mali da Barkina Faso sun fita daga ECOWAS, fitar ta tabbata ran 29 ga Janairu 2025, kuma a lokacin suka fito da fasfo nasu na ƙawancen AES. ECOWAS ta ba da sanarwa a lokacin cewa za a ci gaba da karɓar takardun mutanen ƙasashen ukun, su ci gaba da shiga da fita kamar da, har sai an sake wata shawara. Ku lura da wannan “har sai”. Abin da aka ba ka da sharaɗi ana iya janye shi da safe ɗaya. Shawararmu ga ɗan Nijar ko ɗan Barkina ita ce ya yi fasfo sosai tun a gida, kada ya dogara da katin shaida kaɗai, kuma ya tambayi direbobin da suka dawo cikin makon abin da ake nema a iyaka.

Kada a manta da katin allurar shawara, wannan mai ruwan ɗorawa. Gana tana neman sa ga mai shigowa. A yi allurar a asibiti a gida, aƙalla kwana 10 kafin tafiya, domin sai bayan haka katin yake aiki. Allura ɗaya ta isa har ƙarshen rai. Masu sayen katin a tasha ba tare da an tsira musu allura ba, sun sayi takarda ne, cutar kuwa ba ta karatu.

Bayan an zauna sai Ghana Card. Akwai na 'yan ƙasa, akwai na baƙi, kuma na baƙi biya ake yi, ana kuma sabunta shi. Ba tare da shi ba rajistar layin waya da buɗe asusun banki suna wuya ƙwarai. A nan ne shaiɗan yake shiga. Wani zai zo ya ce maka, ai kana jin Hausa, a zango akwai Hausawa 'yan ƙasa, kawo kaza in sa a yi maka na 'yan ƙasa. Kada ka yarda. Laifi ne a dokar ƙasar, kuma an ɗauki hoton yatsunka, ƙaryar tana nan a rubuce har ranar da za ta tashi. Banda haka, kana ɓata wa Hausawan da kakanninsu suka zo tun zamanin fataucin goro na Salaga, waɗanda har yau wasu ke yi musu kallon baƙi alhali nan aka binne cibiyarsu.

Yara za su ce tsofaffi sun cika tsoro. To, a cikinmu akwai waɗanda suka ga 1969 da idonsu. A watan Nuwamba na shekarar gwamnatin Busiya ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Mutane suka sayar da gidaje da garkuna a kuɗin banza, wasu ma ba su sami mai saye ba. A 1983 gwamnatin Shagari ta yi irin wannan a Nijeriya, mutanen Gana wajen miliyan ɗaya suka kwaso kaya suka dawo. Duka biyun, wanda ya kwana da takardarsa a aljihu bai shiga irin tashin hankalin da sauran suka shiga ba.

Maigida

Yanzu ga abin da ya fi takarda muhimmanci a harkarmu. A kara, baƙo ba ya sayar da saniya da kansa. Maigida ne ke saukar da shi, ya ba shi wurin kwana da abinci, ya sa dillalansa su nemo masu saye, ya kuma tsaya a kan kuɗin. Dalili kuwa shi ne yawancin cinikin shanu a nan kudu bashi ne. Mahauci zai ɗauki sa yau, ya yanka, ya sayar da nama, sa'an nan ya biya bayan kwanaki. Kai baƙo ba ka san mahaucin da ke biya ba, ba ka san wanda ya ci kuɗin mutum uku a Kumasi ya gudo Ankara ba. Maigida ya sani, domin aikinsa ke nan, kuma in mahaucin da ya lamunta ya ƙi biya, mutuncinsa ne a kan layi. La'adar da ake cirewa kuɗin wannan sani ne.

Mun sha ganin yaro ya ga la'ada ta yi masa yawa, ya ce shi ma yana da baki. Akwai wani da ya zo mana da shanu shida, gadon mahaifinsa ke nan gaba ɗaya. Wani mai fara'a ya tare shi a bakin kara, ya taya da tsada fiye da kowa, ya ba da kuɗin biyu a hannu, ya ce sauran ranar Juma'a. Juma'ar ba ta zo ba har yau. Da aka kawo maganar gabanmu muka tambaye shi wa ya shaida cinikin, sai ya yi shiru. Ba mu da wanda za mu kama. Yanzu yana ɗaure wa wasu shanu ana ba shi na abinci.

Saboda haka kafin ka taso, ka san sunan maigidanka. Ka sa wani dattijo na garinku wanda ya saba kawo masa dabbobi ya buga masa waya, ya ce ga ɗana nan tafe. Wannan kira ɗaya ya fi wasiƙar kowane ofis. In ka iso, ka bari ya kai ka ka gaida Sarkin Zango da limami da shugabannin kara. Ba don su ba ka komai ba, don su san fuskarka. Ran da rigima ta same ka, ko rasuwa, su ne za a fara tambaya ko sun san ka.

Amma mu faɗi gaskiya, ba kowane maigida ne na kirki ba. Akwai mai riƙe kuɗin baƙo yana juyawa, kullum gobe. Ka tambayi fatake biyu ko uku kafin ka miƙa wuya, kuma duk abin da ka ba shi ajiya a rubuta a gaban shaidu. Mutumin kirki ba ya jin haushin rubutu.

Lissafin kuɗi

Nan ma ana yin kuka. Ɗan Nijar ya saba lissafi da dala da jika, dala sefa 5, jika sefa 1,000. Ya iso nan ya tarar da sidi, kuma sidin ma baki biyu gare shi. A watan Yuli 2007 Gana ta canja kuɗi, aka yanke sifiri huɗu, tsohon sidi 10,000 ya koma sabon sidi 1. Amma har yanzu a kasuwa akwai masu lissafi da tsohon. In mahauci ya ce maka miliyan ɗaya, sidi 100 yake nufi. In ya taya sa miliyan tamanin, sidi 8,000 ke nan. Baƙon da bai san wannan ba sai ya ji miliyan ya ɗauka ya yi arziki. Kafin ka ce “na sallama”, ka ce a rubuta maka adadin a waya ko a takarda ka gani.

Sa'an nan sefa a ɗaure take da yuro, sidi kuwa yana hawa yana sauka. Riba tana iya narkewa tsakanin ranar da ka ba da bashi da ranar da aka biya ka. Sefar ma ba a rantse a kanta, waɗanda suka ga Janairu 1994 sun tuna yadda aka raba darajarta biyu a dare ɗaya. Wanda zai aika kuɗi gida ya aika da wuri, ta hannun wanda maigida ya sani.

Ka kuma zo da guzurin da zai riƙe ka aƙalla wata uku ba ka taɓa jari ba. Abin da ke cinye sabon zuwa shi ne haya. Dokar haya ta 1963 ta ce kada a karɓi adibas fiye da na wata shida, amma a Nima da Madina da Ashaiman, ko Aboabo ta Kumasi, mai gida zai ce maka shekara ɗaya ko biyu, in ba ka so ga wani a bayanka. Ka zauna wurin maigidanka tukuna, ka san unguwa, ka ga inda ruwa ke kwanciya da damina. In ka biya, ka karɓi rasit. Wanda Allah ya buɗa wa har ya kai ga fili, ya sani tsarin mulkin 1992 bai yarda baƙo ya mallaki ƙasa ɗungurungum ba, haya ce ta shekara 50 iyaka.

Wani zai ce in shanu ba su karɓe shi ba sai ya kafa tebur. A yi hattara. Dokar zuba jari ta 2013 ta keɓe ƙananan saye da sayarwa a kasuwa ga 'yan ƙasa, kuma a kanta aka rufe shagunan 'yan Nijeriya a Kumasi da Ankara a 2019 da 2020. A tambayi inda dokar ta tsaya kafin a zuba kuɗi.

Dabbobi da hanya

Mai shigowa da dabbobi ya riƙe takardar likitan dabbobi ta ƙasarsu, ya kuma tsaya a duba su a iyaka a ba shi izinin wucewa. Takardar ƙetare iyaka da ECOWAS ta tsara a 1998 ta makiyaya ce masu zuwa kiwo su koma, ba ita ce ta shanun kasuwa ba, kada a haɗa su. Hanya kuma tana iya rufewa ba shiri. A watan Yuni 2023 cutar saifa ta ɓulla a jihar Gabas ta Sama, wajen Bolga, aka hana zirga-zirgar dabbobi da yanka na makonni. A shekarar ce kuma aka rufe gadar Gaya da Malanbil bayan juyin mulkin Yamai. Hanyar Kancari zuwa Fada Ngurma kuwa kowa ya san halin tsaron da ta shiga. Wanda ya zuba duk abin da ya mallaka a tirela ɗaya ya yi tunanin abin da zai ciyar da su in aka tsayar da shi kwana goma.

Masu sha'awar ajiye garke a nan su sani shanun arewa ba sa jure tsando, sammore na kama su a kurmi. Kuma kiwo kusa da gonaki ba wasa ba ne a ƙasar nan. Rikicin Agogo ya ci rayuka da shanu masu yawa, har aka tura sojoji da 'yan sanda. Kada ka saki dabba a ƙasar da ba ka gaida sarkinta ba, ba ka kuma yi magana da manoman wurin ba.

Sauran abubuwa masu sauƙi ne. A zango Hausa ta ishe ka, koko da ƙosai da tuwon zafi duk suna nan, wace ma da suke ji da ita shinkafa da wake ce tamu. Amma mahauta da masu saye da yawa Tuwi suke ji a Kumasi, a Ankara kuma Ga da Tuwi, ofis kuwa Turanci. Ka koyi gaisuwa da ƙirga tun a watan farko. Damina biyu ake yi a kudu, sauro ba ya hutu, ka sayi gidan sauro, ka yi rajistar inshorar lafiya da zarar takardunka sun kammala.

Iyali kuwa kada a yi gaggawar ɗauko su sai an sami ɗaki da abin yi. In an haihu a nan a yi wa yaro takardar haihuwa, amma a sani haihuwa a Gana kaɗai ba ta mai da shi ɗan ƙasa, sai in ɗaya daga iyayensa ko kakanninsa ɗan ƙasa ne. Don haka a kai sunansa ofishin jakadancin ƙasarku shi ma a rubuta, kada ya girma ba shi da takardar nan ba shi da ta can. Akwai samari irin haka a kara yanzu, an haife su a nan, shekara ashirin da wani abu, in suka tashi yin fasfo kowane ɓangare sai ya tura su ɗayan.

Duk sabon zuwa da ya sauka, ya nemi shugabannin ƙungiya a kara ya ba da sunansa, da garinsu, da sunan maigidansa, da lambar wani nasa a gida. Ba a biyan ko kwabo a kan wannan.