Karayar arziki: mai bin bashi ya leƙa kotu kafin wa'adi ya cika

Bashi hanji ne, yana cikin kowa. Daga babbar kasuwar Maraɗi zuwa kasuwar Dole ta Damagaram, kaya da yawa bisa amana suke fita. Ranar da labari ya bazu cewa wani kamfani ya karye, sai masu binsa su taru a ƙofar kanti, ko su tura dattijai biko. Amma da zarar magana ta kai gaban alƙali, haƙƙinsu ya bar ƙofar kanti, ya koma cikin dosiyen da ke hannun magatakardan kotu.

Waɗanda suka ga rushewar bankin BDRN a 1990 sun san yadda faɗuwar gida guda take jan wasu gidaje. Tun daga 1999, dokar ƙungiyar OHADA ce ke tsara wannan sha'ani a Nijar, an kuma sabunta ta a 2015. Ta wajabta wa ɗan kasuwar da ya kasa biyan basussukan da lokacinsu ya yi ya sanar da kotu cikin kwana 30. Kotu sai ta duba: in akwai sauran numfashi, a ba shi damar farfaɗowa, in babu, a sayar da dukiyar a raba. Ta naɗa alƙali mai sa ido, da wakilin da ake kira sandik. Daga ranar, ba mai bin bashin da zai kai ƙara shi kaɗai ko ya sa a kama kaya.

A Yamai kotun kasuwanci ce ke riƙe da waɗannan takardu. Inda babu irinta, babbar kotun wurin. Mai nema ya tafi da cikakken sunan kamfanin da lambarsa ta rajistar kasuwanci, wato RCCM, domin a can ake rubuta hukuncin. Abu uku zai tambaya: wane irin hukunci aka yanke, wane ne sandik, kuma yaushe sanarwa ta biyu ta fito a jarida.

Ta ukun ita ce mai zafi. Daga ranar wannan sanarwa, mai bin bashi yana da kwana 60 ya miƙa wa sandik bayanin abin da yake bi, tare da shaidu: rasit, yarjejeniya, takardar karɓar kaya. Wanda ke zaune wajen ƙasa, kamar abokin ciniki na Kano ko Katsina, kwana 90 gare shi. Wanda ya makara ya fita daga rabo, sai fa in ya gamsar da alƙali cewa jinkirin ba laifinsa ba ne. Ga shi kuwa sanarwar da Faransanci take fitowa, cikin shafin da mutanen kasuwa ba su cika buɗewa ba.

Bayan tantancewa, ana ajiye jerin basussuka wurin magatakarda, mai bin bashi kuma yana da ikon dubawa ya ga ko an amince da nasa. A nan zai gane matsayinsa: albashin ma'aikata da masu riƙe da jingina suna gabansa, mai bashin baki da baki yana ƙarshen layi. Ko a ƙarshen layin ma, sai wanda sunansa ya shiga jerin ake kira.