3.4 Hanyoyin Sarrafa Shafuka Masu Yawa Ba Tare da Jinkiri Ba

A sashen da ya gabata an yi bayanin ma'anar manhajar sarrafa rubuce-rubuce. A nan kuwa za a dubi matsalar da takan taso idan shafuka suka yi yawa, wato jinkiri. Wannan matsala ta fi shafar masu karatu a wurare irin su Zango da Ɓaure da Sandamu da Mai'aduwa a masarautar Daura, inda akasarin jama'a da wayar hannu suke shiga intanet, kuma da kuɗinsu suke sayen data. Idan shafi ya daɗe bai buɗe ba, mai karatu yakan haƙura ya tafi. Za a ɗauki Wikipedia a matsayin misali, domin sashenta na Hausa da na Ingilishi manhaja ɗaya suke amfani da ita, wato MediaWiki, kuma na Ingilishi ya haura maƙala miliyan 6 a shekarar 2020.

Hanya ta farko ita ce fihirisa. A Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, wanda ya je neman fayil a kan lardin Katsina ba ya bin takardu ɗaya bayan ɗaya, lambar fayil yake nema a kundi. Haka rumbun bayanai yake. Idan an yi wa sunayen shafuka fihirisa, ƙaruwar shafuka ba ta ƙara tsawon bincike sai ɗan kaɗan.

Hanya ta biyu ita ce ajiyar wucin gadi. Idan ɗalibi a Daura ya nemi shafin rijiyar Kusugu, manhaja sai ta tattaro rubutu da hotuna da samfura ta haɗa su, kuma wannan aiki yana cin lokaci. Saboda haka akan ajiye kwafin shafin da aka riga aka haɗa, a miƙa wa duk wanda ya biyo baya. Ba a sake haɗawa sai an yi gyara ko wa'adin kwafin ya ƙare. Illar wannan hanya ita ce, idan ba a share tsohon kwafi ba, mai karatu zai ga kuskuren da tuni aka gyara.

Hanya ta uku ita ce rarraba aiki. Akan ware kwamfuta guda ta karɓi gyare-gyare, wasu da dama kuma su kwafa daga gare ta su riƙa amsa masu karatu, domin masu karatu sun fi masu gyara yawa nesa ba kusa ba. Bugu da ƙari, akan kusanto da ajiyar kusa da jama'a. Manyan cibiyoyin Wikimedia suna jihohin Virginia da Texas na Amurka, amma akwai na ajiya a Amsterdam da Singafo, kuma a 2022 an buɗe wata a Marseille ta ƙasar Faransa.

Hanya ta huɗu ita ce jera ayyuka a layi. Idan aka gyara samfuri guda da ke cikin dubban shafuka, ba a sabunta su a lokaci ɗaya, sai a bi su sannu a hankali a bayan fage.

Daga bayanan da suka gabata za a fahimci cewa yawan shafuka ba shi ne tushen jinkiri ba, maimaita aiki guda ne ga kowane mai karatu. Sashe na gaba zai dubi matsalar haruffa masu lanƙwasa wajen bincike.