Inshorar Jirgin Fito: Abin Dubawa Kafin A Biya Kuɗi

Duk wanda ya taɓa aikin gadi ko tuƙin mota a Ikoyi ya san ƙananan jiragen ruwan nan farare da manyan mutanen Ikko ke ɗaurewa a bayan gidajensu. Ba su da wani aiki sai shan iska ran Asabar da Lahadi, a je Tarkwa Bay a dawo. A ƙasar Lafiya kuwa jirgi ba kayan shaƙatawa ba ne, jari ne. Garin Lafiya kansa, wanda ya zama hedkwatar Jihar Nasarawa ran 1 ga Oktoba, 1996, ba ya bakin babban kogi, amma Binuwai ya bi ta kudancin jihar, ya taɓa Tunga a ƙasar Awe, ya taɓa Loko, ga kuma Kogin Mada da sauran rafukan da ke cika da damina. Gadar Loko zuwa Oweto da aka buɗe a 2023 ta rage fito a wannan mashigi, amma ƙauyukan da gonakinsu ke ƙetare har yanzu sai da jirgi.

Saboda haka akan sami mai neman kuɗi a Agege ko Sabon Badun ya tara abin da ya tara, ya aika gida a sassaƙa jirgi, a sayi inji, a danƙa wa ƙane ko ɗan ɗaki ya riƙa fito. Jirgi na Binuwai, mai shi na Kurmi, tsakaninsu sai waya. Irin wannan mutum shi ya fi kowa bukatar sanin yadda inshorar jirgi take, kuma shi ya fi kusa da ita, tun da manyan ofisoshin yawancin kamfanonin inshora a Ikko suke.

Hatsarin ba a nesa yake ba. A watan Agustan 2023 wani kwale-kwale ya kife a yankin Arikya, cikin Ƙaramar Hukumar Lafiya, mutum 12 suka rasu. Wata biyu kafin wannan, a ƙasar Patigi ta Jihar Kwara, fiye da mutum 100 ne suka halaka suna dawowa daga biki. Inshora ba ta hana ƙaddara, ba ta kuma mai da rai. Abin da take yi shi ne ta amsa tambayar da ke biyo bayan zaman makoki, watau wa zai biya.

Abu na fari shi ne a tabbata kamfanin na gaskiya ne. Hukumar NAICOM, wadda aka kafa a 1997, ita ke ba da lasisi, kuma tana fitar da sunayen kamfanoni da dillalan da ta amince da su. Akwai tsofaffin gidaje irin su AIICO, da NEM, da Leadway wanda ya fara aiki a Kaduna a farkon shekarun 1970, da AXA Mansard, da Custodian. Dokar da ta daɗe tana tafiyar da inshorar ruwa ita ce ta 1961, har zuwa 2025 lokacin da aka sa hannu a kan sabuwar doka wadda ta haɗe ta da sauran dokokin inshora wuri guda.

Inshorar jirgi ba kamar ta mota ba ce. A mota, takardar dole ta biyan ɓarnar da aka yi wa wani farashinta ɗaya ne ko'ina; hukuma ta ɗaga shi daga Naira 5,000 zuwa Naira 15,000 a Janairun 2023. A jirgi babu haka. Kowane kamfani yakan duba jirgin tukuna, na katako ne ko na ƙarfe ko na roba, shekarunsa nawa, injin ƙarfin doki nawa ne, wane ruwa yake bi, wa ke tuƙa shi, sa'an nan ya yanka wani kaso cikin ɗari na darajarsa ya ce shi za a riƙa biya duk shekara. Jirgin katako da aka sassaƙa a bakin kogi, ba rasit ba rajista, shi ya fi wuyar karɓuwa. Don haka wanda ke da niyya sai ya fara da yi wa jirgin rajista a Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, wadda hedkwatarta ke Lakwaja, ya kuma adana rasit ɗin inji mai ɗauke da lambarsa.

To, a nan ne gizo ke saƙar. Takardar jirgin shan iska ta fi ta jirgin haya araha nesa ba kusa ba, domin jirgin da ke fita sau biyu a mako da mai gida da iyalinsa ba ɗaya yake da wanda ke yini yana jigilar mutum 20 da buhunan shinkafa da babura ba. Wani kan ga wannan rata ya ce bari ya rubuta a fom cewa jirgin na zirga-zirgar gida ne. Za a karɓi kuɗinsa, a ba shi takarda mai hatimi. Ranar da jirgi ya nutse aka gano ana karɓar kuɗin fito, kamfani na da ikon ya ce babu yarjejeniya tun asali, domin ginshiƙin inshorar ruwa shi ne mai jirgi ya faɗi gaskiyar duk abin da ya shafi hatsari. Ya yi asarar jirgi ke nan, ya yi asarar kuɗin shekara, ga iyalan fasinja a ƙofar gida.

Ko da an faɗi gaskiya, ba a gwada kamfanoni biyu da kuɗin shekara kaɗai. Ga misali, ba farashin kowa ba ne, lissafi ne kawai. A ɗauka jirgi da injinsa sun tashi Naira miliyan 5, inji kaɗai ya ci miliyan 3 da rabi. Kamfani na ɗaya ya ce a biya kashi 3 cikin 100, watau Naira 150,000. Na biyu ya ce kashi 4, watau Naira 200,000. A ido na fari ya fi sauƙi da Naira 50,000. Amma da aka karanta ƙananan rubutun sai aka tarar na farin bai sa satar inji a ciki ba, na biyun kuwa ya sa, da sharaɗin a riƙa kulle injin ko a kwance shi a kai ɗaki da dare. Ran da ɓarawo ya kwance inji a gaɓa, mai takardar farko ba shi da ko kwabo. Araha ba ta ado, in ji Hausawa.

Har wa yau akwai wani kaso da mai jirgi ke ɗauka da kansa a kowace asara kafin kamfani ya sa hannu a aljihu. In kason nan babba ne, kuɗin shekara kan yi ƙasa, amma ƙananan ɓarna irin su karyewar farfela a kan yashi da rani duk a wuyan mai jirgi suke ƙarewa. Sai kuma iyakar ruwan da aka yarda jirgin ya bi. In takarda ta ce tsakanin Tunga da Makurɗi, matuƙi ya zarce Lakwaja da kaya, ya fita daga inuwarta. Ya kamata kuma a tambayi matsayin lokacin ambaliya, domin wanda ya ga ruwan 2012 da na 2022 ya san Binuwai na watan Satumba ba shi ne na watan Maris ba, balle in an saki ruwan madatsar Lagdo ta Kamaru.

Mafi nauyi duka shi ne sashen fasinja da na ɓarnar da aka yi wa wani. Takardar da ta rufe katako da inji kurum ba ta san da mutanen da ke ciki ba. A tambaya a fili: nawa ake biya a kan mutum ɗaya, kuma mutum nawa aka yarda a ɗauka? Hukumar NIWA ta hana tafiyar dare da lodin da ya wuce kima, ta kuma wajabta sa rigar ruwa. Matuƙin da ya keta waɗannan ya ba kamfani hujjar ƙin biya, kuma wannan magana ce da mai jirgi zai faɗa wa ƙanensa da babbar murya, ba sau ɗaya ba.

Wasu ba sa kusantar inshora ko kaɗan saboda maganar riba da garari da malamai suka yi a kanta. Domin irinsu aka fito da tsarin takaful, inda masu shiga ke zuba gudummawa a asusu ɗaya don taimakon juna, in an sami rara a ƙarshen shekara a raba musu. NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013, a 2016 kuma Noor Takaful da Jaiz Takaful suka sami lasisi. Tambayoyin da za a yi musu su ne dai waɗancan. Sunan Larabci ba ya ɗauke wa mutum karanta takarda.

Saura abu biyu. Tun ran 1 ga Janairu, 2013, hukuma ta tsananta ƙa'idar cewa in ba a biya kuɗi ba babu inshora, don haka alkawarin dillali na a kawo ciko wata mai zuwa ba ya tsare kowa. Kuma darajar da aka rubuta tana tsufa. Injin da aka saya kafin faɗuwar Naira ta 2023 kuɗinsa na da ba zai sayi sabo ba, sai a riƙa gyara adadin duk lokacin sabunta takarda. Asalin takardar ta zauna wurin mai jirgi a Kurmi, kwafinta da lambar wayar kamfani su kasance wurin matuƙi, domin in abu ya faru ana bukatar a sanar da kamfani nan da nan, in kuwa sata ce a haɗa da rahoton 'yan sanda na yankin.