Yadda Za Ka Gane Agwagwa 'Yar Ruwa Biyu

Ya kai manomi, wani lokaci akan kawo agwagwa mai baƙuwar kama kasuwar Shuwarin, mai ita ya ce toron daji ne ya haye uwarta a fadama, don haka sai ka ƙara masa kuɗi. To, kada ka yi saurin kwance lalitarka.

Ka san agwagwarmu ta gida. Asalinta daga Amurka ta Kudu ne. Tana da jan nama mai gudaji kewaye da ido, toro ya kusa ninka mace nauyi, ba ta da babbar murya, sai huci. Kwancinta kwana 35 ne.

Tsuntsayen ruwa da kake gani da damina a ƙasar Dutse da Kiyawa da Jahun danginsu dabam ne. Kirinjijiya mai farar fuska da dogon wuya, wadda ke fito da dare, zumuncinta da ta gida ya yi nisa ƙwarai. Kwarwa ita ce ta fi ruɗin mutane, gama namijinta yana da baƙin tozo bisa baki, sai a zaci jinin ta gida ne. Ba haka ba ne, halittarsa ke nan. Waɗanda ke zuwa daga Turai da sanyi su sauka fadamun Baturiya da Nguru kuwa baƙi ne, ba su yin ƙwai a nan, sai sun koma. In ka ga ɗan tsuntsun daji cikin gida, galibi yara ne suka tsinci ƙwai aka sa wa kaza.

Ruwa biyu na gaskiya yakan fito ne in toron gida ya yi barbara da agwagwar Turawa, irin farar nan mai yawan kuka, wadda kakanninta agwagwar daji ce ta ƙasashen sanyi. Ita kwancinta kwana 28 ne, ƙwan gamin kuwa yakan ƙyanƙyashe wajen kwana 32. Dubi fuska tukuna: gashi ya rufe ta, jan naman kaɗan ne ko babu. Sa'an nan dubi girma, za ka ga mace da namiji kusan ɗaya suke, abin da ba a gani ga ta gida.

Babban abin lura shi ne, irin wannan ba ta haihuwa, kamar alfadarin da jaki da goɗiya suka haifa. In toron gida ne uban, macen ba ta ƙwai. In toron Turawa ne, takan yi 'yan ƙanana, amma ko ta shekara bisansu ba su fashewa. Namanta dai yana da auki. Mutanen Faransa suna kiwonta da yawa don nama da hanta. Saboda haka in don yanka kake so, saya, in don iri ne, bar ta.

Ku dagatai, ku gargaɗi jama'arku kada su bar na gida su kwana a fadama tare da na daji. Murar tsuntsaye da ta shigo Nijeriya a 2006 ta kashe kaji masu yawa, tsuntsayen ruwa kuwa suna iya ɗaukarta ba su nuna ciwo ba. In kaji ko agwagi suka soma mutuwa da yawa, kada a kai su kasuwa, a gaya wa malamin dabbobi ran nan.