Badujalar 'Yan Makaranta a Zangon Kumasi: Abin da Ya Kamata Ku Sani Kafin Faretin 6 ga Maris

Da zarar an koma makaranta a watan Janairu, mazauna Aboabo da Asawase da Sawaba sukan fara jin ƙarar ganga da busa da yamma daga filayen makarantu. Farkon abin babu daɗin ji. Ganga ta yi gaba, busa ta biyo baya, wani yaro ya ɗaga ƙafar dama alhali kowa yana kan hagu. Iyaye da yawa sukan tsaya a bakin fili su girgiza kai, su ce wannan ɓata lokaci ne. Idan ɗanku ko 'yarku ta zo gida da maganar shiga badujala, ga bayanin da zai taimake ku yanke shawara. Babban abin da nake so ku riƙe shi ne, ba a auna ƙungiya da fitowarta ta farko, domin a waɗannan makonni ne ake gina ta.

Mece ce badujala?

Badujala ita ce ƙungiyar makaɗa da mabusa irin ta soja, wadda ke yi wa masu maci kiɗa domin ƙafafunsu su sauka a lokaci guda. Mafi sauƙinta ita ce ta ganga da bigila kawai. Akwai babbar ganga da ake ratayawa a ƙirji, ita ce ke ba da taku. Akwai ƙananan ganguna masu siraran wayoyi a ƙasansu, su ke ba da ƙarar nan mai kaifi. Akwai faranti biyu na tagulla da ake gwarawa. Sai bigila, ƙahon ƙarfe marar maɓalli ko ɗaya. A gaba kuma akwai mai sanda, wanda da sandarsa ake sanin lokacin farawa, da juyawa, da tsayawa.

A makarantun Ghana, badujala takan tafi tare da kadet, wato ɗaliban da ake koya wa maci da ladabi irin na soja, ko na 'yan sanda, ko na 'yan kwana-kwana. Ku sani ɗan kadet ba soja ba ne. Shigarsa ba ta ɗora masa wajibcin zama soja in ya gama makaranta.

Daga ina ta zo mana?

Wasu na ganin abu ne na baƙi da bai shafi mutanen Zango ba. Tarihi bai yarda da haka ba. A shekarar 1879 Turawan Ingila suka kafa rundunar tsaro ta Gwalkwas, wato Ghana ta yau, da dakarun Hausawa da aka kawo daga Legas. A 1901 aka mayar da ita cikakkiyar rundunar soja, hedkwatarta kuma a Kumasi. Ba dukan dakarun ne Hausawa ba. Akwai Mosawa da Dagombawa da Gurunsawa da sauran mutanen arewa, amma Hausa ce harshen bariki, har taken rundunar ma da Hausa yake: Kullum Shiri. A barikin nan bigila ce agogo. Da ita ake tashin soja da asuba, da ita ake kiran abinci, da ita ake kashe fitila. Da yawa daga cikin waɗannan dakaru da suka ajiye kaki a Zango suka zauna, jikokinsu ne maƙwabtanmu a yau. Wanda ke son ganin kayan wancan zamani ya je tsohuwar ganuwar soja da ke Adum, wadda aka gina a 1897, yanzu kuma gidan tarihin sojojin Ghana ce.

Busa ƙaho kuwa ba sabon abu ba ne a garin nan. Hausawa na da kakaki da ake busa wa sarki, Asante na da ƙahonnin hauren giwa da ake kira ntahera a fadar Manhyia. Dukansu da bigila hanyar busarsu ɗaya ce.

Yaya ƙaho marar maɓalli ke fitar da waƙa?

Da leɓe. Mai busa yana matse leɓɓansa ya hura, su yi rawa a cikin bakin ƙahon, wannan rawar ce ke zama sauti. In ya ƙara matsewa ya ƙara saurin iska, murya ta hau. In ya sassauta, ta sauka. Muryoyin da bigila ke bayarwa cikin sauƙi kamar biyar ne kawai, shi ya sa za ku ji waƙoƙinta suna kama da juna. Makarantar da ke da hali takan ƙara da ƙahonni masu maɓalli uku, waɗanda ke iya fitar da kowace murya, har su busa taken ƙasa.

Tun da leɓe ne ke aikin, sai naman leɓen ya yi ƙarfi, kuma wannan na ɗaukar makonni. Sabon mai busa yakan gaji cikin 'yan mintuna. Ga kuma hunturu, wanda a Kumasi yakan faɗo daidai lokacin da ake fara atisaye, ya busar da leɓe har ya tsage. Man kaɗe da dare da yawan shan ruwa suna maganin wannan.

Me ya sa fitowar farko ba ta da daɗi?

Nan ne ya kamata mu daɗe, domin nan ne ake yi wa yara rashin adalci.

Kowace shekara ƙwararrun ƙungiya suna gama makaranta su tafi, a maye gurbinsu da sababbi. Saboda haka badujalar da kuka yaba bara ba ita ce a gabanku bana ba, suna ne kawai ɗaya. Sabon yaro kuma abu uku ake nema daga gare shi a lokaci guda: ya busa ko ya kaɗa daidai, ya taka daidai, ya kuma riƙe layinsa ba tare da ya waiwaya ba. Kowanne shi kaɗai yana da sauƙi. Haɗa su ne wahala. Macin sauri taku kusan 120 ne a minti ɗaya, wato biyu a kowace daƙiƙa, kuma kowane taku yana girgiza ƙahon da ke kan leɓe. Sai yaro ya koyi sauke ƙafa a hankali daga diddige zuwa yatsu kafin sautinsa ya daina karkarwa. Macin sannu, wanda saurinsa bai fi rabin wancan ba sosai, ya fi wuya, domin ana daɗewa a kan ƙafa ɗaya, kowane kuskure kuma a fili yake.

Akwai kuma wani dalili da ko malamai ba duka suka lura da shi ba. Sauti ba ya isa kunne nan take; yana tafiyar mita kusan 340 a daƙiƙa ɗaya. Ɗalibin da ke ƙarshen layi, mita ɗari daga babbar ganga, yana jin bugun ne bayan kusan sulusin daƙiƙa, wanda ya wuce rabin taku. In ya bi kunnensa, to ya makara, ko da yana ganin daidai yake. Ga kuma amsa-kuwwa daga bangon azuzuwa tana ƙara rikita shi. Maganin shi ne a bi ido: a dubi sandar jagora da ƙafar na gaba. Yaran da suka saba atisaye a ƙaramin filin makaranta, ranar da aka fara kai su babban fili sai ku ga duk sun watse. Ba lalaci ba ne, nisa ne ya canza. Wannan ne amfanin fita da wuri da kuma gwajin ƙarshe da ake yi a ainihin filin kafin ranar fareti.

To me za ku duba in kun je kallo a Fabrairu? Ku bar neman daɗin kiɗa tukuna. Ku duba ko babbar ganga na riƙe da taku ɗaya ba ta gudu ba ta ja. Ku duba ko suna farawa tare suna tsayawa tare. Ku duba yadda wanda ya ɓata taku yake gyarawa ba tare da ya tsaya ba. Ƙungiyar da ta samu waɗannan a farkon kaka, sauran za su zo.

Gasa ake yi, ko biki ne kawai?

Duka biyu. Ghana ta samu 'yancin kai ranar 6 ga Maris, 1957, kuma macin 'yan makaranta na cikin manyan al'adun wannan rana a gundumomi. Ana sa ido a kan daidaiton taku, da miƙewar layi, da tsabtar kaya, da yadda aka gaida babban baƙo, sannan a ba makarantun da suka yi fice kyauta. A 2020 a Kumasi aka yi babban faretin ƙasa na cika shekara 63, a filin wasa na Baba Yara.

Inda irin wannan gasa ta kai ƙololuwa shi ne Amurka. Can akwai hukuma mai suna Drum Corps International, wadda ta yi gasarta ta farko a 1972. Ƙungiya ɗaya takan kai mutum 165, dukansu matasa da ba su wuce shekara 22 ba. Suna shiga sansanin horo a watan Mayu, su yi ta atisaye daga safe har dare, su fara fita gasa a ƙarshen Yuni, a yi ta ƙarshe a watan Agusta a birnin Indiyanapolis. Wasan yakan ɗauki kamar minti goma sha ɗaya zuwa sha biyu, maki kuma ɗari ne: 30 na kiɗa da busa, 30 na taku da tsarin jiki, 40 na yadda wasan ya ratsa mai kallo. Abin lura a nan shi ne, manyan ƙungiyoyin nan a fitowarsu ta farko maki sittin da wani abu ko saba'in da wani abu suke samu, wani lokaci ma ba su gama haɗa ƙarshen wasan ba. Su ɗin dai ne a Agusta suke haura 95. Ƙungiyar Blue Devils ta jihar Kalifoniya ta samu 99.65 a 2014. Idan waɗanda suka ba abin dukan lokacinsu haka suke farawa, bai dace a yi wa yaron da ke atisayen awa ɗaya ko biyu bayan darasi dariya ba.

Karatu fa? Salla fa? Azumi fa?

Waɗannan tambayoyi ne na gaskiya, kuma haƙƙinku ne ku yi su. Atisaye yana cin lokaci, musamman makonni biyu na ƙarshe. Ɗalibin da ke ajin jarrabawar fita ya kamata a rage masa. Ku tambayi malamin da ke kula da su ƙarfe nawa ake tashi, kuma ko ana tsayawa a yi La'asar. Ni a ganina makarantar da ta kasa tsara atisaye yadda yaro zai dawo gida kafin Magariba, gyara ne a kanta.

Game da hukuncin kiɗa da busa, malamai sun sha bamban, kowa ya tuntuɓi malamin da ya yarda da shi. Sai dai ku sani mafi yawan masu fareti ba sa riƙe ganga ko ƙaho, taku kawai suke yi. 'Yan matan makarantun Islamiyya kuma da hijabinsu suke maci.

Azumi na buƙatar kulawa ta musamman. A 2025 ranar 6 ga Maris a cikin Ramadan ta faɗo. Tsayuwa a rana ba motsi tana sa jini ya taru a ƙafafu, yaro ya yanke jiki ya faɗi, mai azumi kuwa ya fi kusa da hakan. A koya musu kada su ƙame gwiwa, su riƙa motsa yatsun ƙafa a cikin takalmi, wanda ya ji jiri kuma ya durƙusa tun kafin ya faɗi. Mai ciwon sikila ko asma, a sanar da malami tun ranar farko.

Nawa za ku kashe?

Ganguna da ƙahonni yawanci na makaranta ne, ko kyautar tsofaffin ɗalibai. Abin da kan faɗo kan iyaye shi ne kaki, da takalmi, da hula, da farar safar hannu, da kuɗin mota ranar fita. Farashi ya bambanta daga makaranta zuwa makaranta, saboda haka ku nemi a rubuta muku jerin kayan tun farkon zangon karatu, ku kuma tambaya ko akwai kakin waɗanda suka gama. In yaronku mai busa ne, ku yi ƙoƙari ku saya masa bakin ƙaho nasa na kansa. Ɗan ƙaramin ƙarfe ne, amma karɓa-karɓa da shi hanya ce ta yaɗa mura da gyambon baki. A Amurka matashi yakan biya dala dubbai kafin ya yi kaka ɗaya. Namu bai kai ko kusa ba.

Babbar matsalar makarantun Zango ita ce kayan da suka tsufa: fatar ganga ta fashe, ƙaho ya lotse, ga yara da yawa suna jiran layi. Masu hali da ƙungiyoyin matasan unguwa, ganga ɗaya ko bigila biyu ba su fi ƙarfinku ba, kuma a watan Janairu suka fi amfani, ba ana gobe fareti ba. Iyaye kuma ku je filin atisaye tun makon farko ku ga malamin da ido, sannan ku koma a makon ƙarshe na Fabrairu kafin ku yanke hukunci.