Kafin A Kira Mutum Fada: Yadda Cocin Katolika Ke Horar Da Limamansa

Kusan duk mai sauraron rediyo a Arewa ya san sunan Matthew Hassan Kukah, Bishop ɗin Katolika na Sakkwato, ko yana yarda da maganganunsa ko ba ya yarda. Abin da mutane kaɗan suka sani shi ne doguwar hanyar da ake bi kafin a kai ga wannan matsayi. Kukah ya yi ƙaramar seminari, wato makarantar renon limamai, ta St. Joseph a Zariya, ya wuce babbar seminari ta St. Augustine a Jos, sannan aka naɗa shi Fada a watan Disamban 1976. Duk wani Fada da ka gani cikin farar doguwar riga a Kaduna, Yola, Kafanchan ko Kano, irin wannan hanyar ya biyo, kuma a Najeriya ta yau tana cin shekara tara zuwa goma bayan gama sakandare. Likita ma bai cika daɗewa haka a makaranta ba.

Me ya sa ake jan abin haka? A wurin Musulmi, limanci ilimi ne da amincewar jama'a. Liman yana iya zama ɗan kasuwa ko manomi, yana da mata da 'ya'ya, kuma idan ya sauka wani ya hau. A yawancin cocin Furotesta ma fasto yakan yi makarantar Littafi Mai Tsarki, ya yi aure, ya kama aiki. A Katolika lamarin ya sha bamban. Sun ɗauki naɗin Fada a matsayin abu mai tsarki da ba a maimaitawa, ba a kuma gogewa. Wanda aka naɗa ba zai yi aure ba, zai yi wa bishop biyayya har ƙarshen ransa, kuma mutane za su durƙusa gabansa su furta zunuban da ko matansu ba su sani ba. Kuskure wajen zaɓen irin wannan mutum ba ƙaramar ɓarna yake jawowa ba. Saboda haka, a ganina, wanda ya ɗauki seminari a matsayin makaranta kawai bai fahimce ta ba. Karatu rabin aikinta ne. Sauran rabin zuba wa mutum ido ne, shekara da shekaru, har a ga ko ya dace.

Cocin bai fara da wannan tsari ba. Ɗaruruwan shekaru a Turai, yaron da ke son limanci yakan zauna ne a hannun wani tsohon Fada, ya haddace addu'o'in Misa, babbar ibadar Katolika, da Latin, bishop ya yi masa 'yan tambayoyi, shi ke nan. 'Ya'yan masu hali kaɗan ne ke zuwa jami'a. Sakamakon haka ƙauyuka suka cika da limaman da ba su san ma'anar abin da suke karantawa ba, wasu kuma kuɗin shigar coci ne ya kawo su. Lokacin da Martin Luther ya tayar da ƙura a 1517, jahilci da lalacin limamai na cikin abubuwan da suka ba maganarsa ƙarfi. Babban taron bishop-bishop da aka yi a garin Trent daga 1545 zuwa 1563 ya duba wannan rauni, kuma a watan Yulin 1563 ya umarci kowace dayosis, wato yankin da ke ƙarƙashin bishop guda, ta kafa gidan da za a tara samari a rene su don limanci. Charles Borromeo, Babban Bishop na Milan, na cikin waɗanda suka fara aiwatar da umarnin da gaske.

A ƙasarmu, Turawan mishan sun daɗe suna jan ƙafa kan naɗa baƙar fata. Fafaroma Benedict na 15 ya tsawata a kan haka cikin wasiƙarsa ta 1919, inda ya nace cewa kowace ƙasa ta sami limamai 'yan ƙasa masu cikakken horo. A 1920 aka naɗa Paul Emecete a Asaba, ɗan Najeriya na farko da ya zama Fada. Babbar seminarin Inugu, wadda ake lissafawa cikin mafi yawan ɗalibai a duniya, sunanta Bigard ne don tunawa da wasu mata biyu Faransawa, uwa da 'yarta, Stéphanie da Jeanne Bigard, waɗanda suka kafa ƙungiyar tara kuɗi don horar da limamai 'yan ƙasa a 1889. A Arewa, 'yan mishan na ƙungiyar SMA sun sauka Shendam a 1907, amma sai a 1967 aka buɗe babbar seminarin Jos. Kafin nan ɗan Arewa mai wannan buri sai ya tafi Kudu.

Ga yadda tafiyar take a yau. Wasu tun suna yara ake kai su ƙaramar seminari, wadda sakandaren kwana ce kamar kowace, ana rubuta jarrabawar WAEC da NECO, sai dai addu'a da tarbiyya sun fi tsanani. Mafi yawan waɗanda suka yi ta ba sa zama Fada, kuma ba a ɗora musu dole ba. Wanda ya gama, ko wanda ya fito daga wata sakandare ko jami'a, zai nemi wata dayosis ko ƙungiya ta karɓe shi. Idan an karɓe shi, shekarar farko ta keɓewa ce: addu'a, sanin Littafi Mai Tsarki da koyarwar coci, da sanin kai. Daga nan sai falsafa. Dokar coci ta 1983 ta ce aƙalla shekara biyu na falsafa da huɗu na tauhidi, amma a Najeriya falsafar kan kai shekara huɗu, domin makarantun suna haɗe da jami'o'in gida da kuma Jami'ar Urbaniana da ke Rum, ɗalibi ya fita da digiri. Sai shekarar aiki a wata ikilisiya ko makaranta, sannan a dawo tauhidi.

Mutane kan yi mamakin me ya haɗa mai wa'azi da falsafa. Hujjar cocin ita ce, wanda bai iya tunani a tsare ba, ba zai iya kare imaninsa ba, balle ya fahimci mai ja da shi. Don haka ɗalibi kan sha mantiƙi, ya karanta Aflatun da Aristo, da Augustine ɗan Arewacin Afirka, da Thomas Aquinas, wanda shi kansa ya yi ta kai-komo da rubuce-rubucen Ibn Sina da Ibn Rushd. A tauhidi kuma akwai nazarin Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari, ɗan abin da ya samu na Helenanci da Ibrananci, tarihin coci, dokokin coci, ilimin ɗabi'a, da koyon wa'azi. Ana kuma karantar da su addinin Musulunci da addinan gargajiya na Afirka, abin da ya zama tilas ga wanda zai zauna a Gusau ko Bauchi.

Amma ajin karatu ba shi ne zuciyar wurin ba. Ƙararrawa ce ke mulkin seminari. Tana tayar da mutum da asuba, a yi addu'ar safe da tunani cikin shiru, a yi Misa, a karya kumallo, a shiga aji. Da yamma akwai aikin hannu, shara ko noma ko yankan ciyawa, akwai ƙwallo, akwai addu'ar maraice, da dare kuma a yi tsit har gari ya waye. A cikin wannan zaman tare ne malamai ke karanta halin kowa: wane ne ke ɓacewa in an zo aikin gayya, wane ne ba ya iya haɗiye fushi a filin wasa, wane ne ke rusuna wa manya ya taka na ƙasa da shi. A lokacin hutu ana tura ɗalibi wata ikilisiya na wasu makonni, sau da yawa can cikin ƙauye, ya koyar da yara, ya ziyarci marasa lafiya, ya ci abin da mutanen gari ke ci. Fadan wurin zai rubuta rahoto a kansa. Kowace shekara malamai kan zauna su yanke ko ya ci gaba ko ya koma gida.

Akwai wata ƙa'ida a nan da ta burge ni. Kowane ɗalibi yana da uban ruhaniya da yake buɗe wa cikinsa, da kuma Fadan da yake furta wa zunubi. Doka ta hana a nemi ra'ayin waɗannan biyun idan an zo shawarar naɗa ɗalibi ko korarsa. An gane cewa in har abin da ka faɗa a asirce zai iya zama sanadin sallamarka, to ba za ka taɓa faɗin gaskiya ba.

Batun rashin aure shi ne abin da ya fi ɗaure wa Bahaushe kai, kuma ba Bahaushe kaɗai ba. A al'adun da ake auna mutum da iyalinsa, iyaye da yawa, har Katolika na ƙwarai, sukan ji nauyi in ɗansu ya zo da wannan magana, musamman idan shi kaɗai ne namiji a ɗakin. Ya kamata a sani cewa cocin kansa yana ɗaukar rashin auren a matsayin doka ta horo, ba ginshiƙin imani ba. A babban taron Lateran na 1139 ne aka ayyana auren limamai a matsayin ɓatacce a cocin Yamma. Har yau Katolikan Gabas, irin su Maroniyawan Labanan, suna naɗa magidanta. Amma ga ɗan seminari a Jos ko Makurdi babu wannan zaɓi. Ranar da za a naɗa shi dikon, wato matakin da ke gab da zama Fada, yake ɗaukar alkawarin zama ba aure a bainar jama'a. Doka ta ce sai ya cika shekara 23 kafin dikon, 25 kafin Fada, da tazarar aƙalla wata shida a tsakani.

Shin wannan tacewar tana aiki? Ba koyaushe ba, kuma cocin ya ɗanɗana kuɗarsa. Abin kunyar lalata da yara da ya fashe a Boston a 2002, da wanda aka bankaɗo a Ailan da wasu ƙasashe, ya nuna cewa mutum na iya shekara goma a ƙarƙashin ƙararrawa ya fito da ciwonsa a ɓoye. Raunin tsarin a fili yake: inda ake korar mutum kan kuskure, wasu ba gyaruwa suke koya ba, ɓuya suke koya. Su lafe kamar kifi a ƙasan ruwa har ranar naɗi ta wuce. Tun a 1992 Fafaroma John Paul na 2 ya jaddada cewa horon ya tsaya kan abu huɗu, mutuntaka da ruhaniya da ilimi da kiwon jama'a, kuma mutuntaka ce tushe. Ma'ana, a fara samun mutumin kirki mai hankali kwance kafin a yi maganar liman. A 2008 Vatican ta fitar da ƙa'idojin amfani da masana halayyar ɗan Adam wajen tantance ɗalibai, a 2016 kuma ta sabunta tsarin horon gaba ɗaya, ta wajabta shekarar share fage. Takarda dai ta yi kyau. Aiwatarwa kuwa ta dogara ga ko akwai isassun malamai da za su san kowane ɗalibi da sunansa da halinsa.

A nan ne matsalar Najeriya ta bambanta da ta Turai. Can seminari ake rufewa don babu masu shiga. Nan masu nema sun fi gurbi yawa, har limaman Najeriya ne ke riƙe da ikilisiyoyi da dama a Amurka da Ingila da Ailan, ƙasar da ta turo mana 'yan mishan jiya. Ƙungiyar mishan ta St. Paul, wadda Kadinal Dominic Ekandem ya assasa a 1977, an kafa ta ne musamman don aika limamai waje. Yawa abin farin ciki ne ga cocin, amma yana da nasa haɗari. A ƙasar da mai digiri ke yawo ba aiki, rigar Fada tana nufin ilimi, mota, girma, wataƙila da karatu a Rum. Ba kowane mai buga ƙofa ne kiran Allah ya kawo shi ba, kuma shi kansa wani lokaci bai san abin da ya kawo shi ba. Ga kuma nauyin gida. Yaron da duk ƙauye ya riga ya fara kiransa Fada, in ya gano a shekara ta shida cewa wannan ba hanyarsa ba ce, da wane ido zai kalli uwarsa? Wasu kan daure su ci gaba don kunya kawai. Alhali wanda ya fita da kansa ya yi abin da aka gina gidan dominsa, kuma da yawa daga cikinsu sun zama malamai da lauyoyi da magidanta nagari.

A Arewa an sami ƙarin wani nauyi da mutanen Trent ba su yi tunaninsa ba. A daren 8 ga Janairun 2020 'yan bindiga suka shiga babbar seminarin Good Shepherd da ke kan hanyar Kaduna zuwa Abuja suka tafi da ɗalibai huɗu. Uku sun dawo. Na huɗun, Michael Nnadi, ɗan shekara 18 da ke karatu a ƙarƙashin dayosis ɗin Sakkwato, kashe shi aka yi. A Oktoban 2021 an sake ɗauke ɗalibai uku a seminarin Christ the King ta dayosis ɗin Kafanchan, aka sako su daga baya. Makarantun da aka gina a bayan gari don neman natsuwa, yau nisan nasu ya zama abin tsoro.

Wanda ya kai ƙarshe, kafin ranar naɗi ana shelanta sunansa a cocin garinsu, domin duk wanda ya san wani dalilin da zai hana a naɗa shi ya fito ya faɗa. Ranar kuma, bishop zai tambaya a gaban taro ko an tabbatar ya cancanta. Zai sa hannuwansa cikin na bishop ya yi alkawarin biyayya, ya kwanta rub da ciki ana roƙo a kansa, bishop da sauran limamai su ɗora masa hannu a ka, a shafa masa mai a tafin hannu. Bayan 'yan makonni takardar aiki za ta fito, kuma ba shi ke zaɓen wuri ba. Galibi mataimaki ake tura shi ƙarƙashin wani babban Fada, a ikilisiya mai ƙananan majami'u warwatse a ƙauyuka. Idan a Arewa ne, ko daga ina ya fito, sai ya iya Misa da wa'azi da Hausa, ya koyi lissafin kuɗin baiko da tafiyar da makarantar firamare, ya san yadda ake gaida dagaci da limamin Juma'a na garin. Yawancin wannan a wurin katikis, mai koyar da addini a ikilisiyar, yake koyonsa, dattijon da ya riga shi zama a wurin da shekaru masu yawa.